Zuwana shida wurin mai tausa mai rajista a Ontario

Shekara huɗu ke nan ina aikin kula da tsofaffi a Mississauga, kusa da Toronto, a lardin Ontario na ƙasar Kanada. Duk wadda ta san aikin ta san inda yake cin mutum, wato ƙugu. Ki ɗaga tsohuwa daga gado zuwa keke, ki juya ta, ki yi mata wanka, haka za ki wuni. Abin ya kai ga in na yi sujada sai na dafa bango kafin in miƙe. Wata abokiyar aikina 'yar Filifin ta yi ta ce min in je a yi min tausa, ni kuwa na ƙi har wata uku.

Kowace Bahaushiya ta san dalilina. A wurinmu tausa ta cikin gida ce, 'yarki ta tattaka miki baya, ko ungozoma ta gasa jikin mai jego. Amma a ce matar aure ta nufi "gidan tausa" a birni, ko a kunne ba daɗi.

Haruffa uku da ke bayan sunan wata mai tausa su suka sa na sake tunani: RMT, wato mai tausa mai rajista. A Ontario ba kowa doka ta yarda ya kira kansa da wannan suna ba. Dokar lardin ta 1991 ta sanya masu tausa a sahun ma'aikatan lafiya, kuma CMTO, hukumar da ke kula da masu tausa a lardin, ita ce ke yi musu rajista bayan karatun shekara 2 zuwa 3 da jarrabawa ta rubutu da ta gwaji. Sunan kowannensu yana shafin hukumar a intanet. Na duba nata, na ga lambarta, na ga ba a taɓa hukunta ta ba, sannan na yi waya na ce mace nake so.

Ranar farko ba ta taɓa ni ba sai da na cike takarda: ko ina da hawan jini, ko ina da juna biyu, ko an taɓa yi min tiyata, ko ina shan maganin tsinka jini. Ta sa na sunkuya, na karkata dama da hagu, tana kallon inda nake cije leɓe. Na faɗa mata ni Musulma ce, ba na son buɗe jiki. Ta ce kayan da zan cire zaɓina ne, ta fita ta ja ƙofa. Tun daga farko har ƙarshe ina lulluɓe da mayafi, wurin da take aiki kaɗai take buɗewa. Da ta lura naman mazaunai ya ɗaure yana jan ƙugun, sai da ta yi min bayani na sa hannu a takarda kafin ta kai hannu wurin, domin ƙa'idarsu ke nan. Wallahi a nan hankalina ya kwanta.

Washegari na tashi kamar wadda ta wuni tana daka. A zuwa na uku ne na yi sallar asuba ban nemi bango ba, barci ma ya dawo.

Ba zan ce na warke ba. Ta koya min miƙe jijiyoyi iri uku, duk makon da na bar su ciwon yakan leƙo. Ranar da na ce mata ƙafata ta hagu tana yin sanyi kamar ba tawa ba, nan take ta ce wannan na likita ne, in je a duba. Mai neman kuɗina kawai da ba ta faɗi haka ba.

Kuɗin ne ke ci min tuwo a ƙwarya. Awa ɗaya ta haura dala 100, ga harajin kashi 13 cikin ɗari a kai, kuma OHIP, inshorar lafiya ta gwamnatin lardin, ba ta biya. Ni inshorar wurin aiki ke mayar min da wani kaso in na tura rasit mai lambar rajistarta, shi ma da iyakarsa a shekara. 'Yan'uwanmu masu ɗaukar kaya a manyan sito da masu tuƙin Uber su suka fi kowa ciwon baya, kuma da yawansu ba su da wannan inshora. Abin yana damuna ƙwarai.

Yanzu sau ɗaya nake zuwa a wata don kason ya kai ni ƙarshen shekara. Maigidana ma na nemo masa namiji mai rajista, ranar Asabar zai fara.