Kayan sanyin da na saya wa kekena mai batir, da yadda hunturun Katsina ya tace su

Na sayi keken ne bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da zuba wa babur fetur kullum ya fara ci mini tuwo a ƙwarya. Irin na hawan duwatsu ne, mai faɗin taya da birkin faifai, batirinsa bolt 48, injin yana cikin tayar baya. Da farko wurin aiki kawai nake zuwa da shi. Daga baya muka haɗu mu uku, duk Asabar bayan sallar asuba sai mu bar kwalta mu bi burji da burtali ta wajen dam ɗin Ajiwa, mu dawo kafin rana ta yi zafi. Kafin mu shiga hanyar da ba mu sani ba sai mun tambayi mutanen wurin, kuma ba ma fita ba tare da an san inda muka nufa ba. Kowa ya san halin da wasu dazuzzukan jihar nan suke ciki.

Da Nuwamba ta kama, na ga tallar wani mai shago a Facebook yana sayar da abin da ya kira cikakken kayan sanyi na masu keken batir. Na tura kuɗi, kaya suka iso tasha a kwali cikin kwana huɗu: rigar batir, jaket mai kauri, safar hannu, rigar takalmi, tabarau, fitila da kwalbar man kaca. Na yi hunturu guda cur da su, daga Disamba har iska ta lafa a Fabrairu. Abin da na gano shi ne, rabin kayan nan don sanyin Turai aka yi su, inda ƙanƙara ke zuba, hanya ta jiƙe, taɓo ya kama taya. Namu sanyin busasshe ne, kuma abin da ke wahalar da mai keke a cikinsa ƙura ce. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shiga ido, ta shiga hanci, ta shiga duk wani abu mai juyawa a jikin keke.

Man kacar shi ya fi ɓata mini rai, domin shi ya jawo mini asara. Mai ne mai kauri da danƙo, an yi shi ne don kada ruwan sama ya wanke shi. A nan kuwa babu ruwan da zai wanke komai, sai ƙura da ta samu wurin zama. Fita uku na yi, kaca ta koma baƙa ƙirin, tana ƙara ƙus-ƙus kamar ana tauna tsakuwa, giya ta fara tsallake. Na kai wa dattijon da ke yi mini gyara a bakin hanya kusa da Ƙofar Marusa. Ya shafa kacar da yatsa, ya murza a tafin hannunsa, ya miƙo mini ya ce, "Taɓa ka ji, ɗana. Mi ka zuba mata?" Na taɓa, na ji yashi-yashi a cikin man. Na ce, "Baba, man da aka sayar mini ne, wai na lokacin sanyi." Ya girgiza kai ya ce wannan ai dutsen wasa na haɗa wa kacar da hannuna, duk juyin feda tana cin kanta tana cin haƙoran giya. Ya wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, amma ta riga ta saki, dole na canza sabuwa.

Tun daga nan na koma busasshen mai, wanda ake ɗigawa a bari ya sha iska ya bar wani siririn kakin da ƙura ba ta kamawa sosai. Ina ɗigawa da daddare, in goge abin da ya yi saura da tsumma da safe. Yana saurin ƙarewa, don haka duk fita biyu sai na sake, amma kacar tana nan fes. Masu zuba baƙin man inji su ma wannan matsalar za su tarar. Kuma a kiyaye kada ko ɗigo ya taɓa faifan birki, don in ya taɓa, birki zai riƙa kuka yana santsi, sai an canza robar birkin.

Rigar batir ma na ajiye ta. Gaskiya ne batirin litiyom yana rage ƙarfi in sanyi ya yi tsanani, kuma cajinsa a ƙasa da digiri 0 yana lalata shi. Amma a Katsina ko a tsakiyar Janairu, da asuba, ba ma kusantar wurin. Sanyin da ke sa mu rawar ɗari bai kai ya dami batir ba, musamman in a ɗaki ya kwana. Abin da rigar ta yi mini shi ne riƙe zafi. Ranar da muka makara muka dawo wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na zare ta na taɓa batirin na ji shi da ɗumi fiye da yadda na saba. Zafi kuwa shi ne abin da ke tsufar da batir a garinmu, don haka ban ƙara sa ta ba.

Duk da haka caji ya fi saurin ƙarewa a hunturu, wannan na gani da idona. Tafiyar da nake dawowa da sanda biyu a allon da ke nuna caji, sai na riƙa dawowa da ɗaya. Da na lura, sai na ga iska ce. Duk inda hanya ta juya ta fuskanci gabas ko arewa, iska na dukan ƙirjinka, inji na aiki ninki. Ga yashi da ya bushe ya yi laushi, taya na nutsewa. Batirina bolt 48 ne da amfiya-awa 13, wato wutar da yake ɗauka wat-awa 624 ce, kuma ba abin da zai ƙara masa ko ɗigo. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce in tafi da iska a gabana tun ina da ƙarfi da cikakken caji, in rage taimakon injin zuwa mataki na biyu in ƙara taka feda, sai iskar ta turo ni gida a dawowa. Caji kuma ba na sawa da zarar na sauka, sai batirin ya huce, kuma ba na barinsa a jone in tafi barci, ganin yadda wutarmu ke zuwa wani lokaci da ƙarfi.

Jaket ɗin mai kyau ne, ɗinkinsa ba laifi, amma minti ashirin da fara tafiya zufa ta jiƙa ni, in na tsaya kuma iska ta bugi jiƙaƙƙiyar riga, sai mura. Na ba ƙanena da ke acaba, shi da yake zaune yake a kan babur yana jin daɗinsa ƙwarai. Ni kuwa na shiga babbar kasuwa wurin 'yan gwanjo na samo shara-sharar riga mai tare iska, ina ɗora ta a kan suwaita mara nauyi. In rana ta fito in naɗe ta, ta shige aljihun jaka. Rigar takalmi ko sau ɗaya ban sa ba.

Tabarau ɗin shi ne abin da ya biya kuɗin kwalin gaba ɗaya. Farin gilashi ne mai soso a gefe da ke manne wa fuska, da roba da ke zagaye hular kwano. Kafin in same shi, duk ranar da na fita idona ja wur yake wuni, yana ƙaiƙayi kamar an watsa barkono, har uwargida ta fara cewa, "Baban yara, wannan keken zai ci maka ido." Akwai wata safiya da hazo ya sauko sosai, rana ta fito fara fat kamar faranti, ana iya kallonta kai tsaye. Wata tifar yashi ta wuce mu a kan burji, ƙura ta rufe komai. Abokan tafiyata biyu suka tsaya suna murza ido suna tari, ni kuwa ina ganin gabana. Da na cire shi a gida, soson ya koma ja, na kaɗa shi ƙura ta zubo a tafin hannuna. Aibinsa ɗaya: in ka rufe hanci da ƙyalle, numfashi na hawa ya sa gilashin ya yi raɓa.  Kuma kada a goge shi a bushe da gefen riga, ƙurar za ta kakkarce shi. A zuba ruwa tukuna. Baƙin gilashi ba ya yi da asuba, don ba za ka ga rami ba.

Safar hannun ta yi kauri, ba na jin birki yadda ya kamata, amma ta fi babu. Da asuba yatsu kan sandare, fata ta tsage ta yi jini a gaɓoɓi. Yanzu siririya nake sawa mai rufe yatsu duka, in shafa man kaɗanya kafin in sa. Fitilar kuwa ta yi, musamman jar ta baya mai ƙyaftawa. A cikin hazo amfaninta shi ne direban da ke bayanka ya gan ka tun daga nesa, don haka ko gari ya waye ba na kashe ta sai na bar kwalta. Da kebul ɗin waya ake cajinta, tana kai mini fita uku.

Abin da babu a kwalin, kuma shi na fi bukata, maganin ƙaya ne. Bayan an kwashe amfanin gona, burtali cike yake da tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, duk sun bushe sun yi tsini. Faci a tayar baya ta keken da injinsa ke cikin taya ba ƙaramin aiki ba ne, sai ka cire wayar inji ka kwance manyan notuna, ga keken da nauyi. Sau biyu na tura shi da ƙafa zuwa bakin titi. Daga baya na sayi ruwan nan da ake ɗurawa cikin taya ya toshe huda da kansa, na haɗa da ƙaramin famfo da sifana mai lamba 18 a jakar ƙarƙashin sirdi. Ruwan kan bushe da wuri a irin iskarmu, don haka na ƙara wani a tsakiyar Janairu. Ranar da Baba mai gyara ya buɗe tayar gaba zai duba, ya zare ƙaya bakwai da ɗan hantsaki ya jera mini su a kan benci, ba ko ɗaya da na san lokacin da ta shiga.