Cajin minti ko kuɗin wata: wanne ya fi cinye layin intanet?

A farkon shekarun 2000, mai son intanet a Katsina sai kwamfutarsa ta buga waya ta layin NITEL, kamfanin wayar gwamnati na lokacin, modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya, ya yi ta ƙara kafin ya haɗu, gudunsa bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba. Duk wanda ya shiga ya riƙe layi ɗaya da modem ɗaya na kamfanin intanet har ya sauka.

In da minti ake caji, ido na kan agogo. Yayana a Ƙofar Soro yakan rubuta wasiƙunsa tukuna, ya haɗa, ya tura, ya katse nan take. A haka modem ɗaya kan wadaci mutane da yawa.

Kuɗin wata kuwa, kamar yadda ake biyan kiran cikin gari a Amurka a lokacin, ba mai gaggawar sauka. Da AOL, kamfanin intanet na Amurka, ta koma dala 19.95 a wata a Disambar 1996, layukanta suka cushe, jama'a suka yi ta bugawa ba shiga, sai da ta ƙaro modem masu ɗimbin yawa.

Ni dai kuɗin wata na zaɓa, don ɗalibi ya yi karatu a natse, in har kamfani ya fara tanadar layuka.