Barbie ko Bratz: wace 'yar tsana ce ta fi cancantar a tara?

Barbie ce babba a shekaru. Kamfanin Mattel ya fito da ita ranar 9 ga Maris, 1959, a bajekolin kayan wasa na New York, ana sayar da ita dala 3. Ruth Handler ce ta ƙirƙiro ta bayan ta ga 'yar tsanar Jamus, Bild Lilli. Tufafinta na bin yayin kowane zamani, shi ya sa masu tarawa ke gane shekarunta daga ɗinki da gyaran gashi. Baƙar Barbie ta zo a 1980, Holiday Barbie (ta bukukuwan ƙarshen shekara) a 1988, sai mai hijabi ta Ibtihaj Muhammad, 'yar wasan takobi ta Amurka, a 2018. Ta 1959 ɗin nan, in ba a taɓa ta ba, dubban daloli take kaiwa yanzu.

Bratz kuwa kamfanin MGA ne ya fitar a 2001: Yasmin, Cloe, Jade da Sasha. Kai babba, leɓe mai kauri, kwalliya iya kwalliya, kuma launin fatarsu daban-daban tun farko, abin da Barbie ta jima kafin ta kai. Sun girgiza kasuwa har Mattel ya kai ƙara kotu, aka yi ta fafatawa shekara da shekaru.

Ni dai Barbie na fi so, saboda zurfin tarihinta. Amma mai ƙaramin ƙarfi ya fara da Bratz na farko-farko, ya tabbatar takalman suna nan, domin tare da ƙafar ake cire su, suna saurin ɓacewa.