Khartoum, Zulu ko Lion of the Desert: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk mai neman tsohon fim ɗin yaƙin zamanin mulkin mallaka, ko don kallo da iyali ko don nuna wa ɗalibai, da wuya bai ci karo da ukun nan ba. Dukansu an kashe musu dukiya, dawakai da rundunonin da za ka gani kuma na gaske ne, ba aikin kwamfuta ba. Abin dubawa kafin ka biya shi ne, daga bakin wa labarin ya fito?

Khartoum na 1966 ya fi shafarmu, don labarin Mahadin Sudan, Muhammad Ahmad, ya iso har ƙasarmu: Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a. Amma a fim ɗin, Janar Gordon, Baturen Ingila da ke tsaron birnin Khartoum, shi ne gwarzo, Charlton Heston ya fito a matsayinsa. Mahadi kuwa Bature ɗan Ingila aka ba, Laurence Olivier, aka shafe masa fuska da baƙin kwalli, yana zare ido yana karya harshe. An nuna su biyun suna zaune suna muhawara, alhali ba su taɓa haɗuwa ba, wasiƙu kawai suka yi musaya kafin birnin ya faɗi ran 26 ga Janairu 1885. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka yi wa dalilin tawayen riƙon sakainar kashi. Harajin da gwamnatin Turkawan Masar ta ɗora wa talakawan Sudan bai samu wurin kirki ba, sai ka ga kamar mutane sun tashi ne haka siddan. In don ɗalibai za ka saya, sai da malami a gefe yana gyara.

Zulu na 1964 ya fi shi adalci, ko da yake adalcin rabi ne. Ya nuna faɗan Rorke's Drift na Janairun 1879 a Afirka ta Kudu, inda sojan Ingila kimanin 150 suka tsare sansaninsu daga dubban mayaƙan ƙabilar Zulu. Zulu na ainihi ne suka fito, Mangosuthu Buthelezi ma shi ya hau matsayin mahaifin kakansa, Sarki Cetshwayo, kuma an nuna su da tsari da jarumta. Sai dai kusan kowane Bature an ba shi suna da hali, su kuwa Zulu taro ne kawai. Ba a kuma faɗi cewa Ingila ce ta kutsa ƙasarsu ba. Waƙar girmamawar da suka rera wa Turawa a ƙarshe ƙirƙira ce. Wanda ya zaɓi wannan ya haɗa da Zulu Dawn na 1979, shi ne ya nuna yadda aka tsokano yaƙin da kashin da Ingila ta sha a Isandlwana.

Lion of the Desert na Moustapha Akkad, wanda muka fi sani da fim ɗin Umar Mukhtar, ya juya kyamarar zuwa wajen waɗanda aka mamaye. Za ka ga sansanonin da Italiya ta tsare mutanen Libiya, da rataye dattijo Mukhtar, jagoran yaƙi da mamayar, a 1931. Italiya ta hana nuna shi shekaru da dama. Shi ma ba a rasa abin cewa ba: gwamnatin Gaddafi ce ta zuba kuɗin, kuma Anthony Quinn, haifaffen Meziko, shi aka ba rawanin Mukhtar.

In kuɗin guda ɗaya gare ka, ɗauki na Akkad, amma ka kawar da yara ƙanana don akwai zubar da jini. In biyu ne, ƙara da Khartoum ka kalle su a jere. Ka nemi cikakken kwafi mai rubutun fassara a ƙasa, domin waɗanda ake turawa a waya sau da yawa an datse hirarrakin da siyasar take ciki, an bar harbe-harbe.