Yini guda a kogin Matiyoya: yadda na ga aikin masu jagorar kamun kifi a Kenya

Fiye da shekara ashirin ke nan ina zuwa dam ɗin Ajiwa da fatsata a ranakun Asabar, wani lokaci in miƙa har Zobe ta Dutsin-Ma idan na sami abokin tafiya. Saboda haka, da ɗana da ke aiki a Nairobi ya gayyace ni hutu a watan Fabrairu, abu na farko da na roƙe shi shi ne ya nemo mini ruwan da zan jefa ƙugiya. Ya haɗa ni da wani ƙaramin kamfani da ke kai baƙi kamun kifin tirawut a kogin Matiyoya, cikin gundumar Muranga. Tun da na dawo Katsina abokan zamana na Ƙofar Ƙaura suke tambayata ko abin ya ci kuɗinsa, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani, da mai daɗi da marar daɗi.

Tirawut ba kifin ƙasarmu ba ne, domin ba ya jure ruwan da ɗuminsa ya wuce digiri 20 da yawa, kuma yana son ruwa mai gudu, garau, mai tsakuwa a ƙasa. Ko a Kenya ɗin ma baƙo ne: a 1905 wani Bature mai suna Ewart Grogan ya sa aka kawo ƙwansa daga Birtaniya aka zuba a kogin Gura, daga nan ya bazu a ƙoramun tsaunukan Abadare, waɗanda ƙololuwarsu ta kusa mita 4,000. Daga waɗannan tsaunuka Matiyoya yake gangarowa, ya ratsa gonakin ganyen shayi, kafin ruwansa ya faɗa kogin Tana.

Zan fara da ofishin kamfanin, domin a nan ne na sami abin ƙorafi. Motarsu ta zo da asuba a kan lokaci, direban kuma mai natsuwa ne a kan hanyar tudu mai yawan kwana. Amma kuɗin da aka faɗa mana tun farko bai haɗa da lasisin kamun kifi ba, kuma ba wanda ya ambata haka sai da muka isa bakin ruwa, inda ɗana ya biya ta M-Pesa, hanyar biyan kuɗi ta wayar hannu a Kenya. Wandon robar da ake shiga ruwa da shi, mai kaiwa har ƙirji, sun kawo mini wanda ya yi mini kaɗan duk da an aika musu awona, sai da aka yi musaya da na direba. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne abincin rana: mun gaya musu tun da wuri cewa mu Musulmi ne, amma aka ba mu burodi da naman da ba wanda ya iya faɗa mana na mene ne, muka bar shi muka wuni da ayaba da shayi. Duk wanda zai je, ya sa a rubuta masa abin da kuɗinsa ya ƙunsa dalla-dalla, ya kuma riƙe guzurinsa.

Jagoran da suka haɗa mu da shi kuwa, shi ne ya fanshe yinin gaba ɗaya. Ɗan ƙabilar Kikuyu ne, ɗan yankin, mai kimanin shekara arba'in, yana kirana "Mzee", wato dattijo a harshen Suwahili. Da muka sauka gangaren, ina ɗokin jefa igiya, sai ya ce in dakata. Ya tsugunna a bakin ruwa, ya ɗago wani dutse kamar dunƙulen hannu, ya juya shi, ya nuna mini ƙananan tsutsotsi manne a ƙarƙashinsa, wasu tsirara, wasu sun gina wa kansu kube da ƙwayoyin yashi. Ya ce wannan shi ne tuwon kifin a yau. Sannan ya buɗe akwatinsa ya zaɓo ƙugiya wadda aka naɗe da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da tsutsar, girma da launi. Ni da na saba soka tana ko ƙullin gari in zauna jiran tarwaɗa da karfasa, a nan na gane cewa wannan wani su ne dabam. Ya ce a wannan ruwan ba a yarda da tana ko taru ba, sai wannan ƙwaron gashi kaɗai.

Jifan ma dabam yake, domin ƙwaron ba shi da nauyi, igiyar ce mai kauri take ɗauke da shi, ana kaɗa ta baya da gaba kafin a sake ta. Na sarƙe ta a rassan itace sau da yawa, kowane lokaci ya warware ba tare da ya nuna gajiya ba, har ya koya mini wani gajeren jifa da ba ya buƙatar fili a bayan mutum. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake karanta ruwa. Ya sa mu tafi muna haurawa sama, saboda kifin yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, wanda ya zo ta bayansa ba ya saurin ganinsa. Ya hana ni tsayawa inda inuwata za ta faɗa kan ruwa. Yakan nuna bayan wani dutse, inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, ya ce nan kifi yake fakewa yana jiran abinci ba tare da ya wahalar da kansa ba. Na ga irin wannan sani a wurin tsofaffin masuntan Jibiya, waɗanda sukan dubi fuskar ruwa su faɗa maka abin da ke ƙasa, kuma shi ne ainihin abin da baƙo yake saye idan ya ɗauki jagora a kogin da bai sani ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya igiyata ta tsaya cak, na ɗaga sanda, kifin ya yi tsalle sau biyu sama da ruwa. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, amma ƙarfinsa ya fi girmansa: bayansa kore-kore da ɗigo-ɗigon baƙi, da jan layi mai haske daga kai har wutsiya, irin da asalinsa daga yammacin Amurka ta Arewa yake. Jagoran ya ce in jiƙa hannuna kafin in taɓa shi don kada in goge yauƙin da ke kare fatarsa, ya zare ƙugiyar, ya riƙe shi cikin ruwa har ya farfaɗo ya kubce. Sakin kifi bayan an kama ya yi mini nauyi a rai, ɗana ma ya ce, "Baba, ko guda ɗaya ba za mu tafi da shi ba?" Jagoran ya yi bayanin cewa ƙoramar ƙarama ce, idan kowane baƙo ya tafi da nasa, cikin 'yan watanni za ta zama fanko, kuma na gamsu da hujjarsa. Uku na kama a ranar, duka muka mayar.

Da azahar ta yi, tun kafin in yi magana ya nuna mana wani fili a gindin itace, ya koma gefe yana jira. Ruwan alwalar ya fi na randa a tsakiyar hunturu sanyi, don haka mai zuwa ya tafi da rigar sanyi ko da rana ta fito. Ya kuma kauce wa watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwan sama yake cika kogin ya gurɓata shi. Hanyar sauka bakin kogin tana da santsi da tsayi, ba zan ba mai ciwon gwiwa shawarar bin ta ba.

Kafin mu rabu na sayi ƙwarin gashi goma sha biyu a hannunsa, waɗanda ya ce shi da matarsa suke ɗaurawa a gida, sana'ar da Kenya ta yi suna a kanta har ana fitar da kayan zuwa Turai da Amurka. Suna cikin akwatin fatsata yanzu, kuma Asabar mai zuwa zan gwada ƙananan cikinsu a kan karfasar Ajiwa, a gefen da ciyawa ta shiga ruwa.