Manhajar Medito a wayar tela: abin da ta yi mini, da inda ta tsaya

Medito manhaja ce ta koyon tattara hankali wuri guda, ana samunta a wayoyin Android da iPhone. Wata gidauniya da ke ƙasar Holan, wadda ba riba take nema ba, ita ke kula da ita, kuma da gudummawar jama'a take tafiya. Babu talla a ciki, babu kuɗin wata. Da wannan na fara domin kafin ita na gwada wata irinta, kwanakin gwaji na cika ta kulle darussan ta ce in sa katin banki, kuɗin kuma da dala. Duk wanda ya san yadda canji yake yanzu ya san a nan zance ya ƙare.

Ni tela ne, ɗinkin maza nake yi. Ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta sa mini manhajar a waya, ganin yadda nake komawa idan sallah ta matso. Barci ya ƙaurace, abinci a tsaye, waya na ta ƙara, kowa na tambayar kayansa. Ta ce, "Yaya, jikinka ne kawai a kan keke, hankalinka yana gidajen mutane. Ka ba wannan minti goma bayan asuba."

Darussan masu farawa ba su da wani abin al'ajabi, kuma wannan ne ya sa na amince da su. Za ka zauna yadda ka saba, a tabarma ko a kujera, ka lumshe ido ko ka sauke shi ƙasa. Murya za ta ce ka lura da numfashinka inda ka fi jin sa, a bakin hanci ko a tashi da saukar ciki. Ba a ce ka ja dogo ba, ba a ce ka riƙe ba. Kafin ka yi numfashi biyar hankali ya tafi wajen kuɗin haya, ko wajen mai babbar rigar da ka yi wa alkawarin Laraba. Sai muryar ta ce idan ka ga ya tafi, ka gane ya tafi, ka dawo da shi ba tare da faɗa da kanka ba. Aikin ke nan gaba ɗaya. Mutane da yawa suna zaton ana so ne kai ya zama fayau babu tunani, sai su gwada sau ɗaya su ce ba za su iya ba. Darussan sun yi ta nanata cewa tafiyar hankali ba faɗuwa ba ce, dawo da shi ɗin shi ne atisayen. A ganina wannan shi ne mafi darajar abin da ke cikin manhajar, sauran duk ƙari ne.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan yawon ba. A 2010 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokuta daban-daban na yini: me kake yi yanzu, kuma a kansa hankalinka yake? Sun tarar kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin hankalin mutane yana wani wuri daban, kuma a irin waɗannan lokutan sun fi ƙarancin jin daɗi.

Inda na fi ganin amfaninsa ba a zaman asuba ba ne, a teburin yanka ne. Shadda mai tsada idan almakashi ya shiga ba ya dawowa. Yanzu bayan na shimfiɗa yadi na ja layi da alli, sai in ajiye tef ɗin awo, in dafa teburin da hannu biyu, in yi numfashi uku ina jin tafin ƙafata a ƙasa. Sannan in sake duba awon da ke littafi. Da na ɗauki almakashi nakan ji sanyin ƙarfen a yatsu, in ji ƙarar da sabuwar shadda ke yi idan yana ratsa ta, wadda ta bambanta da ta yadi mai laushi. Shekaru ina wannan sana'a, amma rabon da in saurari wannan ƙarar har na manta. Abin bai kai rabin minti ba, amma yana raba ni da hayaniyar kwastoman da ya fita yanzu, kada in shigar da fushinsa cikin kayan wani.

Akwai darasin bin jiki gaɓa-gaɓa, daga yatsun ƙafa zuwa ka, kana lura da inda ya ɗaure. A nan na gane ina ɗaga kafaɗa ina cije haƙora duk tsawon lokacin da nake kan keke. Sashen barci ma ya yi mini, musamman ƙarar ruwan sama. Ana iya sauke darasi a waya a saurara ba tare da data ba, sautin da ke bin bayan murya kuma zaɓi ne, wanda ba ya so ya bar shi a kashe.

Na san tambayar da ke zuciyar mai karatu, domin ni ma ita na fara yi: wannan ba ibadar wasu ba ce? Gaskiya ba a ɓoye ta. Asalin waɗannan dabaru daga koyarwar addinin Buddha ne. Wanda ya shigo da su asibiti shi ne Jon Kabat-Zinn, da ya buɗe sashen rage damuwa a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts a 1979, ya ware atisayen daga al'amuran bauta, ya mai da shi shiri na mako takwas ga masu fama da ciwo da damuwa. Ni na tsaya a kan darussan numfashi, na jiki da na barci, kuma a cikinsu ban ji an kira wani abin bauta ba, ba a ce in furta komai ba. Ban ɗauke shi ibada ba, ban kuma bar shi ya ci lokacin azkar ɗina ba. Sai na gama su nake sa iyafis. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ba laifi ba ne. Abin da zan shaida kawai shi ne, tunda na saba kama hankalina idan ya sulale, nakan kama shi da wuri a cikin salla ma, kafin in kai ga tambayar kaina raka'a ta nawa nake.

Kada dai a ɗora wa abin kayan da ba zai iya ɗauka ba. A 2014 masana a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515. Sun ga irin wannan atisaye yana rage fargaba, baƙin ciki da raɗaɗin ciwo daidai gwargwado, amma ba su ga shaidar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba. Kuma shirin Kabat-Zinn da malami ake yin sa, a aji, da aikin gida na kusan minti 45 kullum. Wanda ke minti goma a waya ya sa ran abin da ya yi daidai da minti goma. Bashi yana nan, alkawuran ɗinki suna nan, idan an ɗauke wuta an ɗauke. Abin da ya ragu a wurina shi ne tsawon lokacin da ɓacin rai ke ɗauka kafin ya sake ni.

Akwai kuma waɗanda zan ce su yi hattara. A yankinmu mutane da yawa sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba, hari, garkuwa, gudun hijira. Irin wannan mutum idan ya rufe ido ya yi shiru, abin da ya gani na iya taso masa da ƙarfi. Idan haka ta faru ya buɗe ido, ya tashi, ya daina. Shi da wanda baƙin ciki ya hana ci da barci na makonni, likita suke buƙata. Akwai asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Darussan da na bi da Turanci suke. A hankali ake magana, wanda ya yi sakandare zai bi ba wuya, amma yawancin abokan sana'ata ba za su amfana ba. Akwai yaron shagona mai saurin hannu da saurin fushi, ya ga ina dafa tebur kafin yanka ya ce, "Maigida, addu'a ce?" Na ce addu'a daban, na riga na yi bisimilla, wannan numfashi ne. Na nuna masa da baki yadda ake yi, kuma da Hausa abin bai ɗauki minti biyu ba ya gane. Muna da likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam da Hausa ce harshensu, a Kano, Zariya, Maraɗi da Damagaram. Ina roƙon ɗaya daga cikinsu ya zauna ya naɗi darussa ko da goma ne, gajeru, waɗanda za a iya turawa ta WhatsApp, da muryar namiji da ta mace, domin matan da ke ɗinki a cikin gida su ma su samu.