Na kai jikokina ganin zaki a dajin Achimota

Muna yara a unguwar Nima a Accra, da ƙafa muke zuwa gidan zu, lokacin yana Kanda kusa da Flagstaff House, inda Kwame Nkrumah ya fara tara dabbobinsa. A 2006 aka tashe shi don gina fadar shugaban ƙasa, aka kwashe dabbobi da yawa zuwa Kumasi. Yanzu gidan zu na Accra yana cikin dajin Achimota, kuma can na kai jikokina biyu ranar Asabar da ta wuce.

Inuwar wurin ce ta fara burge ni. Kana barin hayaniyar titi sai bishiyoyi su rufe ka. Birai da jimina mun gaisa da su a tsaitsaye, don yaran zaki kawai suke nema.

Ni mahauci ne, shekara talatin ina duba dabba kafin in saya, saboda haka ban tsaya kallon geza ba. Haƙarƙari na duba, da cinya, da ido, da tafiya. Namijin da na gani a cike yake, ba ya ɗingishi, gashinsa na sheƙi, ruwan shansa kuma mai tsabta. Wanda ya san kuɗin nama a kasuwa ya san abin da nake nufi: babban zaki na buƙatar kilo biyar zuwa bakwai a rana. Masu ɗaukar wannan ɗawainiya sun cancanci a ce musu sannu.

Ƙaramar jikata ta ja min riga. "Kaka, me ya sa ba a mayar da shi daji?" Na ce mata zakin da ya tashi a hannun mutane bai iya farauta ba, kuma tsoron mutum ya fita daga ransa. In an sake shi, ko yunwa ta kashe shi ko makiyaya. Dajin ma ya ƙare musu. Zakunan Afirka ta Yamma 'yan ɗaruruwa suka rage, galibinsu a gandun da ya haɗa Benin da Burkina Faso da Nijar.

Abin da ya ɓata min rai wasu samari ne 'yan kallo, suna bubbuga wayar shinge suna ihu wai sai ya tashi ya yi ruri a ɗauke shi bidiyo. Dabbar da ke iya kwanciya kusan awa ashirin a rana! Na ce, "Samari, ku ji tsoron Allah, amana ce." Na tuna musu mutumin da ya haura shinge a nan a watan Agusta na 2022, ya rasa ransa. Suka yi shiru.

Zan koma in sha Allah, amma da sassafe, kafin rana ta kwantar da zakunan. Ku tafi da ruwan sha, kuma ku riƙe hannun yara a gaban shinge.